Dawar da Ba Ta Yin Darni

Shekarar da mahaifiyata ta rasu muka cinye irin dawarta, mu da baƙin da suka zo mana gaisuwa, kuma tun daga lokacin nake yawon nemansa. Na sani, mutumin da ya ƙare aikin koyarwa lafiya ya koma cin fansho, kamata ya yi a ce abin da yake nema a duniya ya fi wannan nauyi. To, ni dai nawa ke nan.

Dawar ba ta da suna a kasuwa. Duk faɗin Durba, inda aka haife ni, Inna kaɗai ke shuka ta, a 'yar gayaunarta da ke bayan gonar gandu. Daga gidansu ta zo da irin cikin ƙullin tsumma ranar da aka kawo ta, ita ma uwarta ce ta ba ta. Baba ne ya raɗa wa dawar suna Raguwa, kuma bai zalunce ta ba. Takan tashi da tsayi kamar kowace dawa, ta yi kai mai kyau, amma da zarar iskar ƙarshen damina ta kaɗa sai ka tarar da rabinta a kwance, maƙwabtanta na tsaye. Karanta kuwa ba ya yin darni. An taɓa gwadawa ina yaro. Kafin damina ta zagayo gara ta cinye gindin, awaki sun cinye saman, muna zaune a tsakar gida masu wucewa na yi mana sannu ta inda ya kamata a ce a rufe yake.

"Wannan ba dawa ba ce," in ji Baba, "mai jego ce. Kullum a kwance, kullum ana yi mata hidima."

"Ai da safe in an kawo ɗumame ba haka kake cewa ba," in ji Inna, ko ɗago kai ba ta yi ba daga tsintar waken da take yi.

Gaskiyarta ce. Tuwon Raguwa yana da wani ɗan zaƙi can ƙasa-ƙasa, kuma ba ya tauri in ya kwana. A gona alamarta ɗaya ce, jijiyar da ke tsakiyar ganye. Ta sauran dawa fara ce ko kore-kore, tata kuwa ja-ja ce, launin goron da aka tauna. Ƙwayarta kam ba ka raba ta da farafara ko da tabarau biyu ka saka.

Akwai waɗanda suka fi Inna son dawar nan, su ne shanun wani Bafillace da muke kira Baffa. Kowace kaka in an kwashe amfani yakan sauko da garkensa gonarmu, shanu su ci kara su bar mana taki, yadda aka saba tun kakanni. Sai dai shanun ba sa tsayawa gandu. Kai tsaye suke wucewa gayaunar Inna, su share Raguwa har ƙasa, karmami da kara duka, sannan su dawo kan sauran suna yanga, su tsinke ganye su bar sanda. Matar Baffa kan kawo wa Inna man shanu a 'yar ƙwarya, su zauna gindin tsamiya su yi ta hira, ɗaya da Hausa, ɗaya da rabin Hausa.

Ni kuwa aka kai ni makaranta, na dawo na zauna Rano ina koyar da kimiyya a sakandare. Na zana ƙwayar halittar tsiro a allo sau ba adadi, da bangonta mai kauri, na rubuta sunan abin da aka gina bangon da shi, yara suka haddace suka dawo min da shi a jarrabawa cikin kama iri-iri. Ban taɓa haɗa zanen nan da gayaunar Inna ba. Ranar Juma'a nakan goge allo in hau mota in tafi gida, in ci tuwo, in dawo.

Inna ta rasu da rani, ta tsufa ƙwarai. A shekarunta na ƙarshe gayaunar ta ragu ta koma kunya kaɗan, jikoki ke noma, tana zaune a inuwa tana gyara musu. Abin da aka samu a kakar ƙarshe an riga an ci. Sai irin baɗi ya rage, zangarniyu zaɓaɓɓu da ta ɗaure da hannunta ta sa aka rataye a madafi, saman murhu, inda hayaƙi ke korar ƙwari. Kowa a gidan ya san ba a taɓa damin nan. To, amma ranar zaman makoki ba 'yan gida ke girki ba.

Jama'a ta zo fiye da yadda aka zata, daga Kibiya, daga Rano, daga ƙauyukan da ban san Inna na da mutane ba. Matan gida suna ɗaki ana yi musu gaisuwa, dangi da maƙwabta suka karɓi madafi. Washegari garin tuwo ya ƙare. Mabuɗin sito na aljihun yayana, shi kuma yana tsakiyar maza ba mai iya taso shi. Sai gwaggonmu, ƙanwar Baba, wadda ba ta taɓa barin tukunya ta jira mutum ba, ta ɗaga kai ta ga dawa a rataye. Ta sa aka sauko da ita, aka sussuke, aka surfa, aka kai inji.

Bayan azahar aka kawo mana tuwo zaure. Na kai loma ɗaya sai idona ya kawo ruwa. Na ce wa na kusa da ni, "Ikon Allah, yau ko'ina Inna nake ji, har cikin tuwo." Ya ce haka rashi yake, Malam, sai haƙuri. Na yi haƙuri, na ƙara loma. Sai bayan sadakar uku matar yayana ta shiga madafi ta ga igiya tana lilo ba komai a jikinta. Ba wanda ya tada maganar a lokacin. Wa zai buɗe baki ya yi kukan dawa ana kukan uwa?

Da ba don 'yata ba, ƙila da zancen ya mutu a nan. Ita ta ci sunan Inna, shi ya sa ban taɓa kiran sunanta ba. Uwata nake ce mata, ita kuma ta riƙe muƙamin da gaske tun tana rarrafe. Tana karatun digiri na uku a wata jami'a can kudu, kuma aikinta a kan kara ne. Da ta zo gaisuwa, kafin ta koma ta zagaya bayan ɗakin kakarta, inda aka jingine ragowar karan gayauna don awaki, tunda Baffa ya daɗe da daina zuwa. Ta zaro 'yan sanduna, ta haɗa da wasu daga gandu, ta kakkarya ta cusa a jaka. Ni na ɗauka na tunawa ne.

Bayan wasu watanni ta kira ni da hantsi, ina ƙofar gida ina karanta jaridar shekaranjiya.

"Abba, ka tuna abin da kake koya wa yara, wai kara sukari ne a ɗaure?"

"Ban ce wai ba. Na ce sukari ne."

Kuma haka ne. Zaren da ke cikin kara sukari ne aka jera kamar carbi, dogo-dogo, aka murɗe. Wanda ya iya kwance shi zai sami abin da za a mayar man mota, ko abincin dabba, ko wasu abubuwan da ba su shafe ni ba. Amma Allah ya lulluɓe zaren da wani danƙo mai taurin kai. Shi ke sa kara ya tsaya da ƙafarsa, shi ke hana ruwa da ƙwari da cikin saniya isa ga zaren. A zamanin da na yi karatu maganin danƙon nan ƙarfi ne: a zuba masa ɗan'uwan ruwan batir, a dafa a tukunyar ƙarfe, a sami sukari a kuma sami dagwalo mai guba wanda ba a san inda za a zubar ba. Su Uwata kuwa lallashi suke yi.

"Me kuke zuba masa?" na tambaye ta.

"Wani farin gishiri ne da ake sa wa abincin kaji, sai sinadarin tsamin da ke cikin nono. In aka haɗa aka ɗumama sai su zama ruwa mai ɗan kauri kamar zuma. A niƙa karan a jiƙa a ciki, a bar shi da zafi. Danƙon sai ya saki ya bi ruwan, ruwan ya rine kamar shayi, zaren ya rage a buɗe. Sannan a tace ruwan a sake aiki da shi. Ba irin naku ba ne da sai an haƙa masa rami."

"Wato duk shekarun nan da kika yi a kudu, abincin kaji kike damawa da nono."

"Ɗana, in babba na magana a kan bari ya gama."

Na bari. Ta ce duk karan da ta gwada sai an daɗe ana roƙonsa, ban da na Kaka. Tun sauran ba su yi laushi ba shi ya saki. Danƙonsa kaɗan ne, kuma wanda ke akwai ɗin ma ba mai riƙo ba ne. Ta ci gaba da bayani, amma ni na riga na bar wurin. Ina Durba, ina kallon shanu suna wuce gandu da sauri. Ashe abin da Baba ya yi shekaru yana yi wa dariya, da abin da shanu suke gudu su samu, da abin da ya ba 'yata mamaki a kwalba, duk abu ɗaya ne. Na so a ce akwai wanda zan je in faɗa wa, amma duk waɗanda labarin zai ba dariya suna maƙabarta ɗaya.

"Sai dai gwaji ɗaya ba hujja ba ne," ta ce, "kai ka koya min. Wanda na kawo ya ƙare. Ka sa a shuka min bana, ko kaɗan ne."

Na ninke jaridar na ajiye.

"Uwata," na ce, "mun cinye."

Da gwaggo na fara cigiyar irin, ba don ina zaton ta rage wani abu ba, sai don mutum yana so ya ji daga bakin mai shi. Na same ta tana ɓarar gyaɗa.

"Gwaggo, damin nan na madafi, ba ki ga an ɗaure shi daban ba?"

"Na gani mana. Ɗauri mai kyau."

"Iri ne fa."

"To da me kake so in ciyar da mutanen Kibiya? Da ɗauri mai kyau? Uwarka da tana raye ita za ta fara sauko da shi. Kai ma ai na ji an ce ba ka bar komai a kwano ba."

Na yi mata sallama na fito.

Ƙannena mata biyu kowacce Inna ta ba ta iri lokacin aurenta. Ɗaya mijinta ya ce gonarsa ba wurin barci ba ce, ɗaya kuma tana Kano a saman bene, abin da take shukawa bai wuce na'ana'a a gwangwani ba. A kasuwar Rano masu sayar da iri suka yi ta nuna min gajeriyar dawa ta zamani, mai saurin nuna, wadda ba ta faɗuwa ko ture ta aka yi. Na ce ni mai faɗuwar nake nema. Ɗaya ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, ko dai wani za ka yi wa mugunta?" A Madachi wani dattijo ya ce ya san ta sarai, mai jan nan, ya shiga gida ya fito min da ƙulli, ya ƙi karɓar ko godiya. Na dawo ina murna, na shuka a bayan gida ina ban ruwa da buta. Ya fito, ya girma, ya yi ja tun daga gindi har sama. Karan dafi ne, wanda dukawa ke rina fata da shi. Haka damina guda ta wuce ni.

In faɗi gaskiya, ba don kwalaben Uwata kaɗai nake wannan yawo ba. Inna ba ta bar abu da yawa ba. Zannuwanta an raba, ɗakinta an yi masa siminti an sa amaryar jikanta. Hotonta ɗaya ne, na katin zaɓe, ta ɗaure fuska kamar wadda aka kama da laifi, alhali mace ce da ba ta iya gama labari saboda dariya. Muryarta kuwa ta fara kuɓuce min. Nakan zauna in nemi yadda take kirana daga bayan gida in ji ta zo da muryar ƙanwata. Duk abin da ta bari raguwa yake yi, a hannu ko a kai. Dawar nan ce kaɗai abinta da za a iya binnewa ya dawo.

Matar yayana ce ta tuna da gidan Baffa. Shi ya riga mu gidan gaskiya tuntuni, amma 'ya'yansa sun zauna kusa da Nariya, sun gina ɗakuna sun rufa kwano, suna noma, shanun sun ragu sun koma na ɗaure. Matarsa tana nan, wadda 'ya'yanta ke kira Dada. Na hau babur na tafi.

Na same ta a kan tabarma a inuwar ɗaki, ta ƙanƙance ta koma kamar yarinya. Na faɗi ko ni wane ne. Ta riƙo hannun rigata ta jawo ni kusa ta duba.

"Ɗan mai Raguwa! Kaɗo, ka yi furfura ba ka yi ƙiba ba. Gwamnatin ba ta ba ku abinci?"

"Alli take ba mu, Dada."

Labarin rasuwar Inna ya iso mata a makare, kuma ba ta da ƙafar zuwa. Ta yi min gaisuwa kamar jiya aka yi, ta tambayi ciwon, ta tambayi wanda ya yi mata wanka, tana murza bakin zanenta. Aka dama fura. Sai da na sha na kawo maganar da ta kawo ni, ina ta zagaye-zagaye kamar mai neman aure.

"Akwai," ta ce. "Shekarar da muka fara noma uwarka ta ba ni. Ta ce tunda shanunku sun fi mijina sanin darajarta, ku je da ita."

Ta kira babban ɗanta da Fillanci, ya shiga rumbu ya fito da kwano cike da tsabar dawa. Na duba. Fara, da ja, da mai ruwan ƙwai, duk a haɗe.

"Wacce ce a ciki?"

"Tana ciki dai," in ji ɗan. "Mu ba ma raba iri, Malam. In kai ya yi kyau a yanka a haɗa. Mun san tana nan don akwai wuraren da shanu ke cinyewa ƙaf."

"Shekara nawa tana cakuɗe?"

Ya dubi uwarsa, ta dube shi. "Tun wannan bai yi aure ba," ta ce. Mutumin kuwa jikokinsa ne ke wasa a tsakar gidan.

Gayaunar Inna yanzu yayana ke noma ta, masara yake sawa da takin zamani. Ya yanka min gefe ɗaya ba gardama, don ya ɗauka sha'awar tsufa ce, irin ta 'yan boko in sun yi ritaya. Da ruwa ya sauka na shuka kwanon nan duka, ƙwaya ɗai-ɗai a rami, abin da ba manomin da zai yi. Sai jira. Jijiyar ba ta nuna launi tun tsiro na ƙarami, sai ganye ya yi faɗi. Da lokacin ya yi na shiga bin kunya da tabarau a hanci, ina juya ganye ɗaya bayan ɗaya, wanda na ga ja a jikinsa in ɗaura masa tsumma. Masu wucewa kan tsaya a bakin hanya.

"Malam, jarrabawa ake yi musu?"

"Ita ce."

"To Allah ya ba da sa'a. Akwai masu ci kuwa?"

Akwai, amma kaɗan. Ranar da na ga ta farko na durƙusa a cikin kunya na daɗe ban tashi ba, kuma ba gwiwa ce kaɗai ta riƙe ni ba. Wasu jan nasu ya fito sosai, wasu kuwa sai ka karkata ganyen ga rana sannan ka ce ƙila. Duka in an tara ba za su cika kunya biyu ba.

Daga nan ne rigima ta taso. In ana so iri ya tsarkaka, dole a raba masu tsumma da sauran kafin su fitar da kai, don kada garin furensu ya gauraya. Hanyar rabawa kuwa ɗaya ce. Na fara tuge dawa lafiyayya, koriya shar, tsayin ƙirjina, a tsakiyar damina, lokacin da rumbun kowa ya yi ƙasa. Kafin in gama kunya ɗaya an kai wa yayana labari. Ya taho ko hula babu.

"Malam, a wane littafin aka ce a tuge abinci?"

"Yaya, in na bar su za su ɓata waɗancan."

"Masu kyau ne za su ɓata ragwaye? Kai ka ji abin da kake faɗa kuwa? Mutane na kallo. Za a ce gidanmu an fara taɓuwa."

"Dawar Inna ce fa."

"Ni ma uwata ce. Kuma ban taɓa ganin ta tuge ko tsinke ɗaya ba."

Wannan gaskiya ne. Inna ba ta taɓa buƙata ba, don nata a tsarkake ya zo mata. Ya juya ya tafi, ni kuma na ci gaba da tugewa, na ɗaure na kai wa awakinsa. Awakin sun karɓa. Shi kuwa har aka yi kaka gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Da kai ya fito sai tsuntsaye suka gano cewa duk yankin nan ne dawa ta fi ƙaranci kuma ta fi samun gata. Maiɗakina ta yayyanka tsofaffin rigunana na zuwa aji ta ɗinka 'yan jakunkuna, na rufe kowace zangarniya. Daga nesa sai ka ce 'yan makaranta ne a layi. Da iskar ƙarshen damina ta zo wasu suka kwanta, wasu suka tsaya ƙyam, na rasa waɗanda zan yi wa murna.

Na yanke zangarniyun na ajiye, karan kuma na shanya, na daddatsa, na cika buhu na kai tashar Rano. Direban ya taɓa buhun ya ji.

"Malam, kara ne wannan?"

"Kara ne."

"Kara za a kai kudu? Can itacen girki ya ƙare ne?"

"'Yata ce za ta jiƙa."

Ya buɗe baki zai ƙara tambaya, ya dubi furfurata ya fasa. Na roƙe shi kada a ɗora masa jarkar manja.

Sai da aka yi makonni kafin ta kira. Tun daga sallamarta na ji tana cikin farin ciki.

"Abba, ya saki! Ya riga na gandu nesa ba kusa ba. Malamina ya ce wannan ya isa a rubuta."

"Kamar na farko?"

'Yar kimiyya ce, kuma ni na raine ta, ba za ta ƙara gishiri ba.

"A'a. Tsakani yake. Ya fi sauran, amma bai kai na Kaka ba. Akwai jininta a jiki sosai, sai dai an sami gauraye."

"Jikarta ce ke nan."

"Kusan haka. Amma in ka sake shukawa ka sake zaɓe, baɗi za ta fi matsowa. Baɗin baɗi ta ƙara. A hankali ake tacewa."

Ta faɗe shi da sauƙi, yadda mai ƙuruciya ke faɗin baɗi. A ɗakin gwajinsu mutum kan maimaita aiki da safe ya sake da yamma. A gona kuwa shekara guda gwaji guda, kuma ban san adadin da aka rubuta min ba. Ban faɗa mata haka ba. Na yi mata barka, na ce ta gaida malamin nata. Ta ce in Allah ya yarda za ta nemi hutu ta zo lokacin duba ganye, idonta ya fi nawa. Ta faɗi haka bara ma game da Sallah, amma na ce Allah ya kawo ki.

Da na sami sarari na tafi Durba na sami yayana a zaure, na ce ina so a bar min wurin baɗi.

"Za ka sake tugewa?"

"Zan sake."

Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce gayauna kam a'a, ba zai iya tsayawa yana kallo ba, kuma bakin hanya ce. Amma akwai wani fili can gindin dutse, cikin gadonmu ne, ba wanda ya taɓa damuwa da shi saboda tsakuwa. Ba gona kusa, ba mai wucewa sai masu kiwo.

"Ka je can ka yi haukarka ba mai ganinka," ya ce. Da na miƙe zan tafi ya ƙara, ba tare da ya dube ni ba, "In ka tashi zuwa ka ɗauki jakina. Kada ka ce za ka ɗauki duwatsun nan a ka."

Can nake zuwa yanzu, duk safiyar da jiki ya yarda. Wurin ya fi yadda ya faɗa muni, amma nesa yake da kowace dawa, abin da nake so ke nan, kuma ina zaton ya sani. Ina tsince duwatsu ina tarawa a gefe, jakin na kallona. Ƙasar da ke ƙarƙashi baƙa ce, ba laifi. Saukar damina kuwa da saura.